Tambayoyin Masu Karatu: Shin Hoton Ƙwaƙwalwa Yana Iya Tabbatar da Gaskiyar Kiristanci?

TAMBAYA: Malam, ina gaishe ka da aiki. Ni Bahaushe ne Kirista, asalinmu daga Malumfashi, amma ina koyarwa a wata makarantar sakandare a cikin garin Katsina. Kwanan baya wani baƙon mai wa'azi ya zo majami'armu, ya ce masana kimiyya a Amurka sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar Kiristoci suna cikin addu'a, sun ga wani sashe yana haskakawa, kuma hakan shaida ce cewa Allah ya halicci mutum domin ya san Yesu Almasihu. Maganar ta faranta mini rai, har na so in kawo ta a hirar da muke yi da abokan aikina Musulmi a ofishin malamai, sai dai ba na so in faɗi abin da ba zan iya karewa ba. Shin binciken gaskiya ne, kuma yana iya zama hujja?
Daga Istifanus, Katsina.

AMSA: Malam Istifanus, na gode da wannan tambaya, kuma na yaba da yadda ka tsaya ka bincika kafin ka ɗauki maganar zuwa gaban abokan aikinka. Binciken gaskiya ne, an yi shi, kuma an buga sakamakonsa a mujallun masana. Abin da ba daidai ba shi ne hukuncin da mai wa'azin ya ɗora a kansa, domin ya aza wa binciken nauyin da masu binciken da kansu ba su aza masa ba.

Wanda ya fi shahara a wannan fanni shi ne Dokta Andrew Newberg, wanda ya yi aikinsa na farko a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka. Yadda yake yi shi ne, ana sanya wa mai ibada siririn bututu a jijiyar hannu, a bar shi a ɗaki shi kaɗai ya shiga ibadarsa, idan ya yi nisa a cikinta sai a tura masa wani ruwa mai alama ta bututun. Ruwan yana bin jini ya maƙale a sassan ƙwaƙwalwar da suka fi aiki a wannan lokaci, daga nan a kai mutumin cikin na'urar ɗaukar hoto a ga inda jinin ya fi kwarara. A sakamakon da aka buga a shekarar 2003, an gwada wasu mata uku masu zaman zuhudu na cocin Katolika suna wata doguwar addu'a ta natsuwa, aka ga aiki ya ƙaru a sashen goshi, wanda yake kula da tattara hankali wuri ɗaya, aka kuma ga sauyi a sashen saman kai ta baya, wanda yake taimaka wa mutum ya san inda jikinsa ya ƙare da inda sauran duniya ta fara. Newberg yana ganin lafawar wannan sashe na biyu ita ce take tafiya tare da abin da masu ibada suke kwatantawa da mance kai.

Abin da mai wa'azin bai faɗa muku ba shi ne, tun kafin waɗannan mata, a shekarar 2001, Newberg ya buga irin wannan gwaji a kan mabiya addinin Buda na Tibet, waɗanda ba su yi imani da Yesu ba, ba su ma da aƙidar Mahalicci irin tamu, kuma hoton ƙwaƙwalwarsu ya yi kama da na matan ƙwarai. Sannan a shekarar 2006 ya gwada wasu mata biyar Kiristoci 'yan Fentikos suna abin da ake kira magana da harsuna, wato furta kalaman da ba na wani sanannen harshe ba a cikin ibada, sai aka ga aikin sashen goshi ya ragu maimakon ya ƙaru. A 2015 kuma ya buga gwajin da ya yi wa Musulmi uku suna salla da zikiri cikin tsananin miƙa wuya, su ma aikin sashen goshinsu ya ragu. Ka duba wannan da kyau: hoton Kirista 'yar Katolika ya fi kama da na mabiyin Buda, hoton Kirista 'yar Fentikos kuwa ya fi kusa da na Musulmi mai zikiri. Na'urar tana rarrabe nau'in aikin da mutum yake yi da hankalinsa, ko tattarawa yake yi ko sakin ragama, amma ba ta rarrabe addinin da yake bi.

Maganar cewa akwai wani sashe guda da aka keɓe domin sanin Allah ita ma ba ta tsaya ba. A shekarar 2006 Mario Beauregard na Jami'ar Montreal a Kanada ya sa mata 15 masu zaman zuhudu na ƙungiyar Karmel a cikin na'urar MRI mai ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, ya ga wurare da dama, kusan goma sha biyu, suna aiki tare, kuma dukkansu wurare ne da suke yin wasu ayyukan na yau da kullum, kamar tunawa da jin daɗi da ƙauna. Akwai wani abu a cikin wannan gwaji da nake ganin ya cancanci a tsaya a kansa. Matan sun shaida wa masu binciken cewa ba a kiran Allah ya halarta a lokacin da mutum ya ga dama, saboda haka abin da aka nemi su yi shi ne su tuno lokacin da suka fi jin kusanci da Shi a rayuwarsu. Wato abin da aka ɗauki hotonsa tunawa ce. Duk wanda ya taɓa shiga wannan na'ura ya san dalili: kana kwance rigingine cikin ƙuntataccen rami, an tallafe kanka don kada ya motsa, ƙara kamar ta maƙera tana dukan kunnenka. Kuma hasken da ake nunawa a hoton ba haske ba ne da ke fita daga kai, launi ne da kwamfuta take shafawa a inda lissafi ya nuna jini mai iskar shaƙa ya ɗan ƙaru, daƙiƙoƙi kaɗan bayan ƙwayoyin ƙwaƙwalwar sun yi aikinsu.

Binciken da Kiristoci suka fi jin daɗinsa, a ganina, shi ne wanda Uffe Schjoedt ya yi a Jami'ar Aarhus ta Denmak, aka buga a 2009. Ya gwada matasa Kiristoci 20 masu riƙo da addini, ya ga cewa idan suna addu'a da kalmomin kansu, sassan da suke aiki su ne waɗanda mutum yake amfani da su idan yana magana da wani mai rai, yana ƙoƙarin fahimtar abin da ke zuciyarsa. Wannan sakamako ne mai kyau, domin ya nuna cewa mai addu'a ba wasa yake yi ba, da gaske yake ɗaukar cewa akwai mai saurarensa. Sai dai ya tsaya ne a kan abin da mai addu'ar ya gaskata. Ko akwai mai sauraren ko babu, na'urar ba ta da idon da za ta gan Shi. A shekarar 2009 ɗin kuma wasu masu bincike a Amurka, cikinsu har da Sam Harris wanda bai yarda da addini ba, suka gwada Kiristoci 15 da marasa addini 15, suka ga cewa a duk lokacin da mutum ya gaskata wata magana, ta addini ce ko ta duniya, wuri ɗaya ne a ƙasan goshi yake ƙara aiki. Ƙwaƙwalwa tana nuna cewa an gaskata, ba ta nuna ko abin da aka gaskata daidai ne.

Bari in kawo misali daga garinmu. Idan ka tsaya a gindin hasumiyar Gobarau ka ɗaga kai kana kallonta, sashen ƙeyarka mai kula da gani yana aiki. Idan ka koma gida ka rufe ido ka kawo siffarta a ranka, ko ka yi mafarkinta, yawancin waɗannan wurare za su sake yin aiki. Mai duba hoton ƙwaƙwalwarka zai iya cewa hasumiya tana cikin tunaninka, amma idan yana so ya san ko tana tsaye a cikin birni, dole ya bar hoton ya taka zuwa unguwar ya duba. Haka lamarin yake a nan, sai dai abin da ake magana a kansa ba a zuwa a taɓa shi da hannu.

Akwai wata hujja da ta fi ta mai wa'azinku ƙarfi, kuma bai kamata in ɓoye maka ita ba. Masu nazarin tunanin yara, irin su Deborah Kelemen ta Jami'ar Boston, sun nuna cewa ƙananan yara suna karkata ga ganin manufa a cikin halitta, har idan aka tambaye su dalilin da ya sa wani dutse yake da tsini, sukan fi son amsar da ta ce an yi shi haka ne domin wani amfani. Justin Barrett, wanda masani ne kuma Kirista, ya yi bayani mai tsawo cewa imani da mahalicci yana zuwa wa ɗan Adam cikin sauƙi tun yana ƙarami, kuma yana ganin hakan ya dace da abin da za a zata idan Allah yana so a san Shi. Wannan ya yi daidai da koyarwar malamin Kirista John Calvin a ƙarni na 16 cewa an dasa wa kowane mutum sanin Allah, ya kuma yi daidai da abin da ke cikin wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, sura ta 1, cewa ikon Allah a bayyane yake ta wurin abubuwan da ya halitta. To amma da zarar ka faɗi haka a ofishin malamai, abokin aikinka zai ce maka ai wannan ita ce fiɗira, wato ɗabi'ar sanin Allah da aka halicci mutum a kanta, wadda aka ambata a Suratur Rum aya ta 30, da hadisin da ya ce kowane jariri ana haihuwarsa a kan fiɗira, kuma ba za ka iya cewa bai yi daidai ba. Wanda bai yarda da Allah ba kuwa zai ce wannan karkata ta samu ne domin ta taimaki kakanninmu su rayu. Bayanan da aka tattara sun zauna daidai da dukkan fassarorin uku, don haka ba sa iya yanke hukunci a tsakaninsu.

Ni Musulmi ne, kuma ba na so ka ɗauka ina rage wa addininka daraja da wannan amsa. Abin da nake gani shi ne, Kiristanci da kansa bai kafa gaskiyarsa a kan abin da mai bi yake ji a ransa ba. A wasiƙa ta farko zuwa ga Korintiyawa, sura ta 15, Bulus ya faɗa a fili cewa idan ba a ta da Almasihu daga matattu ba, wa'azinsu banza ne, bangaskiyar masu bi ma banza ce. Wannan da'awa ce game da abin da ya faru a Urushalima kusan shekara dubu biyu da suka wuce, a zamanin da Bilatus yake gwamnan Yahudiya. Musulmi kuwa, bisa Suratun Nisa'i aya ta 157, sun yi imani cewa ba a kashe Annabi Isa ba, ba a kuma gicciye shi ba. A nan saɓanin yake, kuma fagensa shi ne tarihi da nassi da amincin waɗanda suka ruwaito, wanda hoton kan wata baiwar Allah a Amurka ba ya ƙara masa komai, ba ya rage masa. Shawarata ita ce kada ka kai wannan magana a matsayin hujja. Idan za ka kawo ta, ka kawo ta a matsayin abin da ya shafe ku baki ɗaya, wato cewa ibada aiki ne na gaske da ya game hankali da jiki, sannan ku yi muhawararku a kan abin da kuka saɓa da ladabi.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na ga wani bidiyo a Facebook inda aka ce wani Bature ya ƙera hular da idan mutum ya sa sai ya ji kamar Allah ko mala'ika yana kusa da shi, wai wannan ya nuna ƙwaƙwalwa ce take ƙirƙiro addini, na Kirista da na Musulmi duka. Tun daga ranar waswasi yake damuna, har a cikin salla.
Daga Hadiza, Daura.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama Hadiza. Ki kwantar da hankalinki, domin labarin hular ya fi yadda aka ba ki shi tsawo. Michael Persinger ne ya yi amfani da ita a Jami'ar Laurentian ta Kanada tun daga shekarun 1980. Hular kwano ce da aka maƙala wa wayoyi masu fitar da raunanan igiyoyin maganaɗisu zuwa sassan ƙwaƙwalwa na gefen kunnuwa, ana zaunar da mutum a ɗaki shiru an rufe masa ido, kuma Persinger ya ce yawancin waɗanda ya gwada sun ji kamar akwai wani tare da su a ɗakin. Sai dai a 2005 Pehr Granqvist da abokan aikinsa a Jami'ar Uppsala ta Suwidin suka maimaita gwajin da mutum 89, bisa tsarin da mai sa hular da mai kula da shi duk ba su san ko an kunna ta ko ba a kunna ba. Ba su ga wani tasiri na maganaɗisun ba. Abin da suka gani shi ne, mutanen da dama can suke da saurin karɓar abin da aka raya musu su ne suka fi ba da labarin sun ji wani abu, ko da hular a kashe take. Persinger ya musanta, ya ce ba su bi tsarinsa daidai ba, amma yawancin masana ba sa ɗaukar hular a matsayin abin da ya tabbata. Richard Dawkins, wanda ya shahara da adawa da addini, ya sa ta a wani shirin talabijin na BBC a 2003, bai ji wani abin kirki ba.

Duk da haka ba na so natsuwarki ta dogara ga gazawar wannan hula, domin akwai wasu binciken da suka fi ta inganci. A 2010, Cosimo Urgesi da abokansa a Italiya sun bi diddigin marasa lafiya 88 da aka yi wa tiyatar cire ƙari daga ƙwaƙwalwa, suka ga cewa waɗanda aka taɓa musu sashen saman kai ta baya sun ƙara jin alaƙa da abin da ya wuce kansu bayan tiyatar. Saboda haka gaskiya ne cewa taɓa ƙwaƙwalwa yana iya sauya abin da mutum yake ji game da ruhi. Amma hakan bai kai ga hukuncin da mai bidiyon ya yanke ba. Likitocin tiyata sun daɗe da sanin cewa idan aka taɓa wani wuri a ƙwaƙwalwa da 'yar wutar lantarki, mutum yana iya jin sauti ko ya ga walƙiyar haske alhali babu su, kuma babu wanda ya ce wannan ya nuna cewa duk sauti da haske ƙirƙira ne. Tun a laccocin da ya gabatar a Edinbura a 1901 da 1902, masanin halayyar ɗan Adam William James ya yi gargaɗi cewa kowane tunani, na mai imani da na mai musu, yana da yanayin jiki da yake tafiya da shi, don haka gano wannan yanayi ba ya nuna tunanin gaskiya ne ko ƙarya. Musun mai bidiyon ma a cikin ƙwaƙwalwarsa yake gudana.

Ina kuma so in ja hankalinki, da na sauran 'yan'uwa Musulmi, ga ɗaya gefen. Saƙonni suna yawo a WhatsApp cewa wani masani da ba a ambaci sunansa ko jami'arsa ba ya gano da na'ura cewa Musulunci ne gaskiya. Ma'aunin da na auna maganar mai wa'azin Malam Istifanus da shi a sama, da shi ya wajaba mu auna waɗannan, domin ba adalci ba ne mu ƙi hujja idan ta fito daga majami'a sannan mu rungume ta idan an sauya mata riga. Gwajin Musulmi uku bai isa a gina aƙida a kansa ba, kamar yadda na mata uku bai isa ba. Game da waswasin kuwa, ki samu malami ko malamar da kika amince da iliminta ku zauna, idan kuma ya kai ga hana ki barci ko cin abinci, ki haɗa da ganin likita.

TAMBAYA: Malam, ƙanena yana da farfaɗiya, kuma yana cewa kafin ta kayar da shi yakan ji wani irin tsoro da kamar ana kiransa. Wani abokina ya ce abin da ya sami Manzo Bulus ke nan a hanyar Dimashƙu. Mene ne gaskiyar wannan?
Daga Malam Lawal, Ƙofar Marusa, Katsina.

AMSA: Malam Lawal, Allah ya ba ƙanenka lafiya. Abin da yake kwatantawa sananne ne a wurin likitoci. Idan farfaɗiya tana tasowa daga sashen ƙwaƙwalwa na gefen kunne, mai ita yakan ji alama kafin ta game sauran ƙwaƙwalwar, kamar tsoro ba dalili, ko wani abu yana tasowa daga ciki zuwa maƙogwaro, ko wani wari, ko murya, ko jin cewa abin da ke faruwa ya taɓa faruwa. Kaɗan ne ƙwarai daga cikin masu ciwon alamar tasu take zuwa da siffar addini.

Abokinka ba shi ya ƙago maganar Bulus ba. Wani likita mai suna David Landsborough ya rubuta ta a wata mujallar likitoci a 1987, yana dogara da labarin da ke cikin Ayyukan Manzanni sura ta 9, inda haske ya haskaka Bulus, ya faɗi ƙasa, ya ji murya, ya kuma yi kwana uku ba ya gani. Hasashe ne kawai, domin ba a tabbatar da farfaɗiya sai an ji tarihin ciwon daga mai shi da waɗanda suka ga faɗuwarsa, an kuma yi gwaji, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai yiwu ga mutumin da ya rasu a ƙarni na farko. Makantar kwana uku ma ba abu ba ne da aka saba gani bayan irin wannan farfaɗiya. An sha jingina wannan ciwo ga manyan mutane na addinai daban-daban, kuma raunin maganar ɗaya ne a ko'ina. Kirista ba zai rasa hujjarsa saboda ita ba, wanda ba Kirista ba kuma bai sami hujja da ita ba.

Abin da ya fi gaggawa shi ne ƙanen naka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 50 ne suke da farfaɗiya a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 suna iya daina faɗuwa idan aka gano ciwon aka kuma ba su maganin da ya dace. Ku kai shi asibiti a yi masa gwajin igiyoyin lantarkin ƙwaƙwalwa, ya kuma gaya wa likita wannan tsoro da kiran da yake ji dalla-dalla, domin suna taimakawa wajen gane inda ciwon yake tasowa. Idan ya ji alamar, ya yi nesa da wuta da rijiya da bakin titi, ya zauna ko ya kwanta. Idan ta kayar da shi, a kawar da abin da zai ji masa rauni, a juya shi ta gefe, kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko wani abu a baki, kuma yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon. Idan jijjigar ta wuce minti 5, a garzaya da shi asibiti. Addu'a ba ta hana shan magani, kuma kada ya daina maganin da kansa ko da ya daɗe bai faɗi ba, sai likita ya ce.